Yamaha R7 a Kan Sikeli: Shin Doki 73 Sun Cancanci Wannan Suna?

Mai karatu, da za a ajiye maka babura biyu na kamfani ɗaya, nauyinsu kusan ɗaya, siffarsu kamar wa da ƙani, a ce maka wannan yana da ƙarfin doki 118, wancan kuma 73, wanne za ka ce ya fi? Na san amsarka, don ni ma ita na bayar ranar da wani abokin karatuna ya miƙo mini wayarsa a ɗakin bincike, yana nuna mini hoton Yamaha R7, yana faɗin wai kamfanin ya raina wa masoyansa hankali. Sai da na koma masauki na ɗauki biro da takarda na buga lissafi, sannan na gane mun yi saurin yanke hukunci. Babur ɗin yana da laifuffukansa, kuma za mu zo kansu. Sai dai inda mutane suka fi nuna yatsa, wato ƙarancin doki, nan ne ya fi samun hujjar kare kansa.

Asalin rigimar

A watan Mayun 2021 kamfanin Yamaha na ƙasar Japan ya gabatar da YZF-R7, kuma a kan wannan samfurin na farko zan yi magana. Yana cikin ajin baburan gudu masu matsakaicin inji, wato waɗanda girman injinsu ke tsakanin cc 600 zuwa 700. Abubuwa biyu ne suka harzuƙa jama'a.

Na farko, ya zo ne daidai lokacin da aka janye YZF-R6 daga titunan Turai da Amurka bayan shekarar 2020, aka bar shi ga filin tsere kawai. Tun 1999 R6 yake tashe, amma kasuwarsa ta ja baya, ga kuma dokar hayaƙi ta Euro 5 da ta ƙara tsada wajen gyara irin injinsa. Na biyu, sunan R7 ɗin kansa yana da mai shi. A 1999 Yamaha ya ƙera wani R7 mai cc 749, guda 500 kacal, domin ya samu damar shiga gasar World Superbike, inda Noriyuki Haga ya yi suna a kansa. Sai ga shi an ɗauki wannan suna mai nauyi an liƙa wa babur ɗin da aka ciro injinsa daga MT-07, babur ɗin yawon gari da ya fito a 2014. Masu suka suka ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ga alƙaluman da kamfanin ya bayar, mu sa su gaba:

R7: cc 689, silinda 2, doki 73.4 a juyi 8,750 a minti, ƙarfin murɗa Nm 67 a juyi 6,500, nauyi kilo 188.

R6: cc 599, silinda 4, doki 118.4 a juyi 14,500 a minti, ƙarfin murɗa Nm 61.7 a juyi 10,500, nauyi kilo 190.

Doki ɗaya a wannan ma'auni kusan wat 735 ne, kenan R7 yana da kilowat 54, R6 kuma 87. Don ka samu abin kwatance, Bajaj Boxer mai cc 150 da ka saba gani a titi dokinsa wajen 12 ne. Wannan babur da ake kira rago ya ninka shi sau shida.

Daga ina ratar doki 45 ta fito?

Ka duba jerin nan da kyau. R7 ya fi girman inji, ya fi ƙarfin murɗa, amma an bar shi a baya da doki 45. Ta yaya?

Bari mu raba kalmomin biyu. Ƙarfin murɗa shi ne irin ƙarfin da bakanike ke sa wa sifana in zai kwance noti. Nm 67 daidai yake da ka rataya nauyin kusan kilo bakwai a ƙarshen sifana mai tsawon mita ɗaya. Shi kuwa ƙarfin doki, yawan aikin da inji ke gamawa ne cikin lokaci. Ka tuna mata masu daka. Nauyin saukar taɓarya a turmi shi ne murɗa, yawan saukarta a minti shi ne juyin inji, hatsin da aka gama dakawa kafin azahar kuma shi ne doki. Kana iya gama dakan da wuri ta hanyar ƙara nauyin taɓarya, ko ta hanyar ƙara saurin lugude.

A lissafi: ka ninka murɗa da juyi, ka raba da 9,549, sai ka samu kilowat. Mu juya lissafin baya. R7 yana ba da kilowat 54 a juyi 8,750, kenan murɗarsa a wannan lokacin Nm 59 ce. R6 yana ba da kilowat 87 a juyi 14,500, murɗarsa Nm 57. Ka gani? A lokacin da kowannensu ke kan ganiyarsa, nauyin taɓaryarsu kusan ɗaya ne. Duk ratar nan ta doki 45 daga saurin lugude ta fito.

To me ya hana R7 yin irin wannan juyin? Amsar tana cikin nisan da fistan ke tafiya a cikin silinda. Fistan ɗin R7 yana tafiyar milimita 68.6 daga sama zuwa ƙasa, na R6 kuwa milimita 42.5 kawai. A kowane juyi ɗaya fistan zai sauka ya hau, don haka na R7 yana cin milimita 137, na R6 milimita 85. In ka ninka da juyin da kowanne ke ba da cikakken ƙarfinsa, za ka samu matsakaicin gudun fistan: mita 20 a daƙiƙa ga R7, mita 20.5 ga R6. Wannan sakamakon shi ne ya fi ba ni mamaki a duk lissafin. Injin da ake cewa rago da wanda ake yi wa kirari, fistan ɗinsu gudu ɗaya yake yi. Injiniyoyi ba su son wuce wannan iyaka da nisa a injin da ake so ya yi shekaru yana aiki, saboda fistan yana tsayawa cak ya juya sau biyu a kowane juyi, kuma ƙarfin fizgar da ke kan ƙarafunan yana ninkuwa huɗu duk lokacin da juyi ya ninku biyu. Da za a tilasta wa injin R7 juyi 14,500, fistan ɗinsa zai kai mita 33 a daƙiƙa, kuma ba zai kai labari ba.

Saboda haka kada ka ce injin R7 ba ya ƙoƙari. An dai zaɓa masa manyan silinda biyu masu doguwar tafiya, kuma wannan zaɓi yana da riba da hasara.

Ribar zaɓin

Ribar tana bayyana a inda mutum ke tuƙi kullum. A juyi 6,500, R7 yana ba da Nm 67, wato wajen doki 62, kashi 84 cikin 100 na duk abin da yake da shi. R6 fa? Ko da za mu yi masa alfarma mu ce yana ba da cikakkiyar murɗarsa ta Nm 61.7 a wannan juyin, alhali ba ya kai ta sai a 10,500, dokinsa ba zai wuce 57 ba. Kenan a tsakiyar agogon juyi, babur mai doki 73 ya fi mai doki 118 ƙarfi.

Za ka iya cewa ai mai R6 sai ya rage giya ya ɗaga juyi. Gaskiya ne, aikin giya kenan, kuma a filin tsere haka ake yi. Amma kafin R6 ya kai juyi 14,500 ko a giya ta ɗaya, gudunsa ya riga ya haura kilomita 100 a awa. Dokin nan 118 suna can a wani ɗaki da ba ka isa ka buɗe shi a cikin gari ba. Ka biya kuɗinsu, kana ciyar da su, amma da wuya ka hau su.

Akwai kuma yadda aka tsara kiranshaf ɗin wannan inji, wanda Yamaha ke kira CP2. An karkata hannuwansa biyu da digiri 270, don haka silinda ɗaya ta tashi, bayan digiri 270 ɗayar ta tashi, sai a yi jiran digiri 450 kafin a sake. Shi ya sa ƙararsa ke fita da ɗan tsallake kamar kiɗan ganga. Amfaninsa ya wuce daɗin ji. A irin wannan tsari fistan biyun ba su tsayawa lokaci ɗaya. In ɗaya ya kai ƙarshen tafiyarsa ya tsaya, ɗayan yana tsakiyar gudu, sai fizgar nauyinsu ta riƙa kashe juna. Abin da ke isa tayar baya ya fi kusa da abin da hannunka ya nema a totur. Yamaha ya daɗe da wannan dabara, tun TRX850 na tsakiyar shekarun 1990.

Batun gudun ƙarshe ma, ratar ba ta kai yadda ake zato ba. In babur ya yi nisa a gudu, babbar abokiyar gabarsa iska ce. Ƙarfin da ake buƙata don keta iska yana tashi ne da gudu sau gudu sau gudu: in kana son ninka gudunka biyu, sai ka nemo ƙarfi ninki takwas. R6 ya fi R7 ƙarfi da kashi 61 cikin 100, amma in siffarsu a gaban iska ɗaya ce, wannan ba zai ƙara masa gudu fiye da wajen kashi 17 cikin 100 ba. Dukansu kuma sun haura kilomita 200 a awa, gudun da ba shi da wurin zama a titin jama'a.

Inda na ga laifinsa

Yanzu mu zo inda ba zan kare shi ba.

Laifi na farko, kuma mafi girma a ganina, shi ne injin da zaman ba su jitu ba. Mun ga cewa injin na titi ne, mai haƙuri da ƙaramin juyi. Amma an ɗora mahayi kamar mai shirin gasa: sirdi mai tsayin milimita 835, hannuwan tuƙi can ƙasa, matakan ƙafa a baya kuma a sama. Wannan zama yana da dalilinsa a kimiyya. Yana rage faɗin jikin da iska ke bugu, yana kuma tura nauyi kan tayar gaba don ta kama ƙasa a kwana. In kana gudu sosai, iskar da ke bugun ƙirjinka tana ɗauke maka wani ɓangare na nauyin jikinka. A kilomita 40 cikin cunkoso kuwa babu iskar da za ta tallafe ka, wuyan hannunka da bayanka ne za su biya. Wato a gudun da injin ya fi daɗi, zaman ya fi wahala. MT-07 na 2021 yana da injin nan ɗaya, sirdinsa milimita 805, mutum yana zaune a miƙe, ya fi sauƙi da kilo huɗu, kuma ya fi araha. Duk wanda zai sayi R7 don zuwa aiki ya fara tambayar kansa me MT-07 ya rasa.

Laifi na biyu shi ne nauyi. Babur mai silinda biyu ya kamata ya fi mai silinda huɗu sauƙi sosai, amma tsakanin R7 da R6 kilo biyu ne kawai. Dalili shi ne firam ɗin R7 na baƙin ƙarfe ne da aka gado daga MT-07 aka ɗan ƙarfafa shi, na R6 kuwa na alminiyam ne. Aprilia RS 660 na ƙasar Italiya, wanda shi ma silinda biyu ne masu digiri 270, a samfurinsa na 2021 yana da kilo 183 da doki 100 a juyi 10,500, murɗarsa kuma Nm 67, daidai da ta R7. Wannan ya nuna cewa ana iya samun murɗar tsakiya ba tare da an sadaukar da sama haka ba. A filin tsere mai dogon miƙe, mahayin R7 zai ga injinsa ya ƙure alhali na Aprilia yana da sauran numfashi.

Laifi na uku ya shafi rai. R7 na 2021 yana da ABS, na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki da ƙarfi. Amma ba shi da na'urar hana tayar baya sulɓewa in an murɗa totur fiye da kima, kuma ba shi da na'urar da ke auna karkatar babur a kwana. RS 660 yana da duka biyun. Wasu na cewa doki 73 ba su buƙatar wannan. Ban yarda ba. Abin da ke sulɓar da taya shi ne murɗar da ta isa gare ta a ƙaramar giya idan ta fi ƙarfin riƙon ƙasa, kuma mun riga mun ga cewa R7 yana sakin murɗarsa da wuri. A kan jiƙaƙƙiyar kwalta ko wadda yashi ya hau, wannan kyakkyawar ɗabi'ar tasa ita ce za ta iya kayar da sabon mahayi, kuma sababbin mahaya ne aka fi tallata wa babur ɗin.

Ka riƙe wannan lissafin ma. Babur da mahayi mai kilo 75 sun haɗa kilo 263. A busasshiyar kwalta mai kyau, da taya mai kyau da gwanin mahayi, tsayawa daga kilomita 100 a awa na cin wajen mita 40. Daga kilomita 200 kuwa wajen mita 160 ne, ninki huɗu, domin kuzarin motsi yana tashi da gudu sau gudu. Ka ƙara daƙiƙa ɗaya ta kafin hannunka ya kai birki: mita 28 a gudun 100, mita 56 a gudun 200. In riƙon ƙasa ya ragu da rabi, nisan birkin ya ninku biyu. Faya-fayen birki biyu masu milimita 298 da famfon Brembo da aka sa wa R7 kaya ne masu kyau, amma iyakar aikinsu su tsayar da taya. Tsayar da babur ɗin yana hannun ɗan facin roba da ke taɓa ƙasa, wanda bai fi tafin hannunka ba.

Abin da ya samu daidai

Adalci ya sa a faɗi farashi. R7 ya shiga kasuwar Amurka a kan dala 8,999. RS 660 ya haura dala 11,000, R6 kuma a shekararsa ta ƙarshe ya haura 12,000. Duk abin da na lissafa a sama a matsayin rashi, kuɗi ne aka rage da shi. Inda Yamaha ya zaɓi ya kashe kuɗin kuma ya zaɓa da hankali: shokobzan gaba na KYB masu kaurin milimita 41 da ake iya saitawa gwargwadon nauyin mahayi, kuloci mai hana tayar baya tsalle in an rage giya da sauri, da ƙafar gaba da aka ƙara miƙar da ita zuwa digiri 23.7 don babur ya faɗa kwana da wuri. Waɗannan su ne abubuwan da mai koyon tuƙin filin tsere ke buƙata kafin doki. Injin ma ya riga ya ci jarrabawa a MT-07 da Ténéré 700 na jeji, kuma ba a duba tazarar bawul ɗinsa sai bayan wajen kilomita 40,000.

Filin tsere ya ba shi shaida gwargwado. Ana fafatawa da shi a ajin Twins Cup na MotoAmerica, kuma shi aka zaɓa ga dukkan mahaya a gasar duniya ta mata da aka fara a 2024, wadda Ana Carrasco ta ƙasar Sifen ta lashe. In kowa yana kan babur iri ɗaya mai matsakaicin ƙarfi, wanda ya iya birki da kwana shi ke gaba.

In takardar alƙaluma ta zo hannunka

Darasin ya wuce R7. Duk lokacin da ka ga an rubuta doki, ka nemi juyin da ke gefensa, don doki ba juyi rabin zance ne. Ka sani kuma a bakin kiranshaf ake auna shi, kafin giya da sarƙa su ci rabonsu, wanda yakan kai kusan kashi ɗaya cikin goma. Nauyi ma iri biyu ne. RS 660 ɗin nan kilo 183 ne da fetur da bakin mai da ruwa, amma kilo 169 in babu su, kuma mai talla ya san wanda zai rubuta da manyan baƙi. Wani lokaci ma doka ce ke yanka alƙalamin: lasisin A2 na Turai yana ba sabon mahayi damar hawan babur mai kilowat 35, da sharaɗin asalin ƙarfinsa bai wuce 70 ba, shi ya sa za ka ga Honda CBR650R ya tsaya a kilowat 70 cif.

Yanayi ma yana da ta cewa. Ana daidaita waɗannan alƙaluma ne a kan zafin digiri 25 da iska irin ta kusa da gaɓar teku. Inji iska yake shaƙa, kuma iska mai zafi ba ta da kauri. A ranar da zafi ya kai digiri 40, kaurinta ya ragu da wajen kashi biyar cikin 100. A gari mai tudu kamar Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ragin ya haura kashi goma. Dokin takarda ba su cika isowa gida gaba ɗaya ba.

Hukuncina

Abokina ya yi gaskiya a kan suna. Kama da wane ba ta wane, kuma wanda ya sayi R7 yana tsammanin magajin R6 ko jikan R7 na 1999 zai ji an yaudare shi. Amma bai yi gaskiya a kan doki ba. Doki 73 da ke fitowa da wuri sun ishi duk wani titi, sun kuma ishi mai koyon filin tsere na shekaru. Wanda R7 ya dace da shi mutum ne takamaimai: mai son ya koyi kwana da birki a wurin da aka tanada don haka, da cikakkun kayan kariya da hular kwano, ba tare da ya zuba kuɗin R6 ba. Mai neman na zirga-zirgar yau da kullum, MT-07 ya fi masa. Mai ƙarin dala dubu biyu da wani abu, na'urorin tsaron RS 660 kaɗai sun isa su sa ya sake tunani.

Kafin mu haɗu a rubutu na gaba, ga ɗan aiki. Ka nemo alƙaluman babur ɗin da ke ƙofar gidanku, ka ninka tafiyar fistan ɗinsa biyu, ka ninka da juyin da yake ba da cikakken ƙarfi, ka raba da 60,000. Abin da ya fito shi ne gudun fistan ɗinsa a mita cikin daƙiƙa. Ka kwatanta da 20 ɗin da muka samu, ka gaya mana abin da ka gani.